'Yan Huɗun Norris Sun Rasu a Kwanon Wanke-wanke

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da na rasa inda zan sauke shi, ni Beryl Haddow, matar Norris Haddow, nake sanar da 'yan ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa ta garin Enfield, da matansu, da duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalle su suna wucewa, rasuwar taragan nan guda huɗu da mijina ya ƙera da hannunsa, waɗanda kowa ya sani da suna 'Yan Huɗu. Sun rasu ranar Litinin, yau kwana goma sha shida ke nan, wajen ƙarfe goma na safe, a cikin kwanon wanke-wanke na kicin ɗina. Shekarunsu arba'in da ɗaya a duniya, in ban yi kuskure ba. A hannuna suka cika, kuma ni ce sanadi. Na faɗi wannan tun daga farko ne don kada wani ya wahalar da kansa da raɗa a bayana ranar jana'iza.

Ni ba mai rubutu ba ce. Ina da shekara goma sha biyar na bar makaranta, na kuma yi shekara talatin da huɗu ina dafa wa yaran makaranta abinci. Clifford Anstey, sakataren ƙungiya kuma aminin mijina, shi ya ce in rubuta ya manna a allon sanarwa. Na ce masa ya gyara inda harafi ya karkace, amma kada ya taɓa mini magana. Abin da na riƙe a ka shi zan faɗa.

An haifi marigayan a kan teburin cin abincinmu. Sun zo a cikin wani kwali mai faɗi, gutsi-gutsi na farin ƙarfe mai taushi, bango daban, rufi daban, ƙafafu daban. Norris ya yi shekara uku yana liƙa su da dalma, yana gogewa, yana sake liƙawa. Duk tsawon lokacin a kan cinya muke ɗora farantin abinci, mu da 'yarmu Heather. In na ce, "Kai malam, yaushe zan sake ganin teburina?" sai ya ce, ko ɗaga kai bai yi ba, "In jirgi ya iso tasha, uwargida." Da suka kammala, tsawonsu duka huɗun bai wuce daga kafaɗata zuwa yatsuna ba, amma nauyinsu ya fi na ƙunshin sukari. Ya yi musu fenti mai kama da katakon da aka goge da mai, har da zanen jijiyar itace. Da burushin girata ya yi zanen, ban kuma sake ganin burushin ba.

Maza sun san abin da zan faɗa yanzu, saboda mata nake faɗa. Kowane tarago na yau da kullum yana zaune ne a kan 'yan kekuna biyu masu ƙafa huɗu-huɗu, ɗaya a gaba, ɗaya a baya. 'Yan Huɗu ba haka suke ba. Wutsiyar na gaba da kan na baya a kan keke ɗaya suke zaune, suna raba shi. Saboda haka keke biyar ne ke ɗauke da su maimakon takwas, kuma babu wanda zai iya tsayawa in an janye ɗan'uwansa. Ba a ɗaga ɗaya a bar uku. Norris ya yi musu dogon akwati mai layin dogo a ciki, ya ce mini, "Ba ɗaukarsu za ki yi kamar jariri ba, Beryl. Turawa ake yi, kamar burodi a tanda."

Manyansu na gaske su ne ke kai mu aiki Landan a lokacin da muke matasa. Duk wanda ya shiga ya san irin matsin da ke ciki. A cikin ɗayansu na fara ganin Norris, yana zaune yana fuskantata, gwiwarsa na dukan tawa duk lokacin da jirgi ya girgiza. Ya ce, "Ki yi haƙuri 'yan mata, wanda ya ƙera taragon nan bai san mutum na da gwiwa ba." Na ce, "To kai da ka sani, ka tattara taka." Bai tattara ba. Bayan aurenmu da 'yan shekaru aka daina amfani da irin taragan, abin ya tsaya masa a rai, har ya zauna ya yi nasa. A cikin tarago na uku ya zaunar da wasu 'yan mutane biyu da ba su kai ƙwayar wake ba, namiji mai hula da mace mai koren kwat, gwiwa na taɓa gwiwa. Ya sha nuna wa baƙi, ni kuwa in shige kicin.

Marigayan masu haƙuri ne, masu riƙon amana. A duk baje kolin da ƙungiya ta yi a zauren coci ba su taɓa sauka daga kan layi ba, sai sau ɗaya da hannun rigar Clifford ya share su, kuma har yau Clifford na cewa iska ce. Ba su da hayaniya. Ba su taɓa neman komai ba sai ɗigon mai a ƙafa sau biyu a shekara. Ba zan yi ƙarya a kan mamaci ba, na sha yi musu baƙar magana. Na taɓa cewa zan zuba su a kwandon shara ranar da Norris ya manta da ni a bakin asibiti saboda yana gyara musu ƙugiya. Ina roƙon su yafe mini wannan, ban da babban da ke tafe.

Abin da ya fi komai a tare da su shi ne muryarsu. Norris ya sa zarto ya yi ɗan tsagi a kan layin dogonsa don a riƙa jin ƙafafu in sun taka. Taragan kowa in sun zo wurin sai su yi ta ruɗe-ruɗe, biyu-biyu a jere. Nasa kuwa a natse suke zuwa, da nauyi, kowane keke da lokacinsa: tatak, tatak, tatak, tatak, tatak. Sau biyar, sai shiru har su zagayo. Daga kicin nakan san ko su ne a kan layi ko wasu.

Babban aikin da suka yi a rayuwarsu sai da suka tsufa suka yi shi. Kun san Norris ya kamu da ciwon mantuwa shekara huɗu da suka wuce, kuma shekara biyu ke nan yana gidan kula da tsofaffi. Abin da yawancinku ba ku sani ba, tun bara ya daina gane ni. Ba ya yi mini rashin kunya. In na shiga yakan gyara zama ya ce, "Sannu da zuwa Malama," ya tambaye ni ko na ga mahaifiyarsa a hanya. Mahaifiyarsa ta rasu tun Heather na goye. Clifford ne ya ce mu gwada kai masa 'Yan Huɗu. Muka ɗauki allon da layin ke kai, da kan jirgi, da dogon akwati, muka shimfiɗa a teburin ɗakin shan shayi ranar wata Lahadi. Jirgi ya tashi, ya zo kan tsagin. Sai na ga yatsan Norris yana bugun hannun kujera, ɗaya, biyu, har biyar. Zagaye na biyu ya sake. A na uku ya ɗago kai ya dube ni sosai ya ce, "Beryl, matsar da kofin nan mana, so kike ya taɓa layi?"

Na matsar da kofin. Clifford ya fita waje wai zai duba mota.

Tun daga ranar, kowace Lahadi da ƙarfe uku muna can. In jirgi na tafiya mijina na nan, minti goma, wani lokaci sha biyar. Yakan tambayi Heather. Yakan ce wa ya yi mini wannan askin, ko da duhu aka yi. Yakan ce wa Clifford, "Kai mai hannun riga, tsaya daga can." Daga nan sai ya fara yin nisa, ko da jirgin bai tsaya ba, in mun tashi tafiya ya ce, "Na gode Malama, a sauka lafiya." Minti goman nan su nake ci in sha har mako ya zagayo.

Ga yadda ajali ya zo. An yi ciwon amai da gudawa a gidan tsofaffin, ma'aikaciyar jinyar gidan ta ce duk abin da ya shiga ya fita a wanke shi da kyau. Ranar Lahadin da muka je kuma wata tsohuwa ta shafa rufin taragan da hannun da ta ci burodi da zuma, suka yi danƙo, ƙura ta manne. Na kawo su gida ina ta tunani. Shekara talatin da huɗu a kicin ɗin makaranta, doka ɗaya muka sani: in ciwon ciki ya shigo, duk abin da hannu ya taɓa sai tafasasshen ruwa. Da wannan dokar na raini yaran mutane, ba wanda ya taɓa kwanciya saboda abincina.

Da ƙauna na yi, ina so a san wannan. Na shimfiɗa tawul a ƙasan kwanon don kada su ji tauri. Na tura su a hankali daga akwati, kamar burodi a tanda. Na toshe magudana, na tafasa buta, na zuba daga gefe don kada ruwan ya doke su. Na sake tafasa ta biyu. Norris ya hana ni abubuwa da yawa a kansu: kada in share musu ƙura, kada in ajiye su a rana, kada in bar kyanwa ta shiga ɗakin. Bai taɓa cewa komai a kan ruwan zafi ba. Ko da yake tun ranar nake tuna wani lokaci da na gan shi ya tsoma wani ɗan ƙarfe a kofin ruwan zafi ya fito da shi gida biyu. Na ɗauka wanki yake yi. Ban tambaya ba, hankalina na kan dankalin da ke wuta.

Ba su yi kuka ba. Wani ɗan sauti kawai na ji, ƙis, ƙis, kamar ana karya ashana a ɗaki na gaba. Rufin na farko ya zame. Bangwaye suka kwanta waje ɗaya bayan ɗaya, kamar mutanen da suka gaji da tsayuwa. Da na farko ya saki, na biyu ba shi da abin dogara, haka na uku, haka na huɗu. Dalma ta taru a kan tawul ƙwaya-ƙwaya tana ƙyalli. Na cusa hannu in cece su, ruwa ya ƙone ni, na fizge sarƙar magudana don ruwan ya tafi. Ya tafi, ya kuma tafi da duk ƙananan abubuwa. Tagogi suka nannaɗe. Fentin ya ɗaye kamar ɓawon albasa. Bangwayen da na damƙo suka lanƙwashe a hannuna.

Clifford ya zo kafin rana ta yi tsaka. Ya leƙa kwanon, ya cire hularsa.

Ya ce, "Beryl, ruwan zafi?"

Na ce, "Tafasasshe. Buta biyu."

Ya zauna a kujerar kicin ya bayyana mini. Farin ƙarfen nan ba ya jure zafi, saboda haka da wata dalma ta daban ake liƙa shi, wadda ke narkewa tun ruwa bai kai ga tafasa ba. In ɗan ƙungiya ya haɗa abu a karkace, a ruwan zafi yake tsoma shi ya wargaje, ya sake. Ya ce, "Ai duk ɗan ƙungiya ya san wannan."

Na ce, "To ni 'yar ƙungiya ce? Shekara arba'in ina dafa muku shayi da ruwan nan, akwai wanda ya taɓa buɗe baki ya faɗa mini?"

Ya ce, "Babu, uwargida. Babu."

Na ce ya haɗa su, tunda ya san yadda ake yi. Sai ya miƙo hannayensa biyu ya bar ni in kalla. Rawa suke yi, ko kofi ba ya cikawa yanzu. Ya ce mai lafiyayyen hannu da ido zai yi shekara biyu kafin ya tashe su, in ma ya sami kayan, don an daɗe da daina yin irinsu. 'Yan ƙusoshin da ke riƙe tarago biyu a kan keke ɗaya kuma Norris ne ya sassaƙa abinsa, biyu daga ciki sun bi ruwa. Bai ce Norris ba shi da sauran shekara biyu a duniya ba, ni ma ban ce ba. Na kira mai gyaran famfo ya kwance bututu. Ya fito da ƙaramin cokali, da maɓallin riga, da ɗan mutum ɗaya mai jakar hannu wanda ban san shi ba.

An nemi magani, kada a ce ba a nema ba. Lahadin farko muka kai taragai huɗu na yau da kullum daga akwatin ƙungiya. Yatsan Norris ya fara bugu, ya kai biyar, ƙafafu ba su tsaya ba, suka ci gaba har takwas. Yatsan ya tsaya a sama. Ya ce, "Malama, jirgin wa ne wannan?" Lahadi ta biyu wani bawan Allah daga York, wanda bai taɓa ganinmu ba, ya aiko da nasa masu raba keke irin namu. Ina yi masa godiya, kuma za a mayar masa da su lafiya, ban wanke su ba. Amma na roba ne, ba su da nauyi. Sun buga biyar ɗin daidai, sai dai kamar farce a kan gilashi. Norris ya juya yana kallon taga, ya tambaya ko an kusa kawo shayi. Da Clifford ya fita, na ɗauki cokali na buga teburin da kaina, tatak, tatak, har biyar, na jira, na sake. Ya dafa hannuna a hankali ya ce, "Malama, kina damun mutane."

Marigayan sun bar ɗan baƙin kan jirgin da ya ja su shekara arba'in da ɗaya, wanda ya tsira don mai lantarki ne, ko ni na san ba a jiƙa shi. Yana nan a kan kanta, ba abin da zai ja. Sun bar kekuna uku cikin biyar, da dogon akwatinsu, da fasinjoji goma sha ɗaya daga cikin talatin da wani abu. Namiji mai hula na cikin waɗanda suka tsira, fentin fuskarsa ya tafi. Mai koren kwat ba a gan ta ba. Sun bar 'yan'uwa da yawa a akwatunan 'yan ƙungiya, waɗanda nake roƙon masu su su faɗa wa matansu da 'ya'yansu maganar ruwan zafi yau ɗin nan, kafin a ci abinci. Sun kuma bar mahaifinsu, Norris Haddow, wanda har yanzu ba a sanar da shi ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe biyu na rana a zauren coci, a kan babban allon layin dogo na ƙungiya. Clifford ya ce ba a jefar da tarago. A layin dogo na gaske, in tarago ya gama aiki, cire masa ƙafafu ake yi a ajiye gangar jikin a gefen gona, ta zama ɗakin kaji ko wurin da ma'aikata ke fakewa daga ruwan sama, kuma haka 'yan ƙungiya ke yi wa nasu. Shi da wasu mutum biyu sun manne abin da ya mannu, an sami jiki ɗaya da rabi. Za a sauke su a kan allon, bayan ɗan filin gawayi, kusa da shinge, a shuka musu ciyawa. Sauran gutsattsarin za su koma cikin dogon akwati. Ba a buƙatar furanni. Akwai shayi da kek bayan an gama, Heather ce za ta riƙe buta.

Akwai roƙo ɗaya. Za a kawo Norris a keken marasa lafiya. Ma'aikaciyar jinya ta ce ba ta ga amfanin hakan ba. Heather ta ce, "Mama, ki bar shi, bai san an yi ba, me za ki tayar?" Na ji su duka, amma na riga na sa a ɗauko shi, don ban san wani abin da zan yi ba. In an tura shi gaban allon, kowa ya yi shiru. Kada wanda ya ce kyanwa ce, kada wanda ya ce tsautsayi ne, Clifford kuma kada ka ce iska. Ni zan tsaya a gabansa in nuna masa abin da ya rage, in ce ni na zuba musu tafasasshen ruwa, buta biyu. Norris mutum ne mai sanyi, amma sau uku ko huɗu a zamanmu ya fusata da ni sosai, kuma duk lokacin da cikakken sunana yake kirana, da ƙarfi, har maƙwabta su ji. In ya yi haka ranar Asabar, don Allah kada kowa ya ba shi haƙuri, kada a janye kekensa, a bar shi ya faɗi duk abin da ke bakinsa har ya gama. In kuwa ya leƙa ya ce, "Allah sarki Malama, na wa ne?" to wanda ke kusa da ni ya turo mini kujera.

Beryl Haddow, a madadin iyali.